Ko Yin Allura

Shekarar da aka yanke mana jiha aka turo ni Dutse daga Kano, ni da sauran ma'aikatan gidan rediyo waɗanda takardunsu suka nuna 'yan wannan ɓangaren ne. Aikina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa, wani lokaci kuma in karanta su da kaina idan mai karatu bai iso ba. Na kama ɗaki biyu a Yalwawa, a wani gida da ba a gama shafensa ba. Iyalina na bar su a Kano saboda makarantar yara. Garin a wancan lokaci na kwana huɗu ne da rabi. Litinin da safe motoci su shigo da ma'aikata, Juma'a ana saukowa daga masallaci su kwashe su. Asabar da Lahadi kana tafiya a kan titi kana jin ƙarar takalminka.

Da farko ni ma ina cikin masu tafiya. Ƙanena ne ya tsayar da ni.

Shi ne autanmu, na girme shi da shekara goma sha ɗaya. An haife shi da ciwon sikila, wanda a ƙauyenmu, can bayan Ringim, ake kira amosanin jini. Noma ba nasa ba ne, kowa ya san haka tun yana ƙarami, don haka aka sa shi koyon buga tafireta. Da ya ji an yi sabuwar jiha sai ya ɗauko na'urarsa ya biyo ni. Ya sami gindin wata darbejiya kusa da ofisoshin gwamnati ya kafa tebur, yana buga wa mutane takardar neman aiki da ta neman sauyin wuri. Kowa a garin yana neman ɗaya daga cikin biyun. Hannunsa yana da sauri, bakinsa ya fi hannun. Yakan ce shi ne ma'aikatar da ta fi kowace aiki a jihar, ga shi ba a ba shi ko kwamishina ba.

Idan ciwon ya tashi ba ya ihu. Yakan cije gefen matashi ya ce ana sara masa ƙashi da gatari marar kaifi. Damina ta biyu da zuwansa ciwon ya yi wani tashi da ban taɓa ganin irinsa ba, na kai shi asibiti, aka yi masa wata allurar kashe zafi da ma'aikatan suke kira fenta. Ina tsaye a kansa na ga fuskarsa tana warwarewa. Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya juyo.

"Yaya," ya ce, "ashe haka sauran mutane suke ji kullum?"

Ban iya faɗin ranar da abin ya sauya ba. Da farko sai ciwo ya tashi yake neman allurar. Daga baya idan ya ji alamar zai tashi. Daga baya kuma ya daina jiran alama. A lokacin ana samunta a wasu shagunan magani ba tare da dogon tambaya ba, shi kuma ya ga yadda ake yi sau da yawa har ya koya. Ni na gane ne daga wanki: ɗigon jini a cinyar wando, kullum a wuri ɗaya. Kafin in shirya yadda zan yi masa magana cinyar ta kumbura, ta yi wani ƙurji da ya hana shi taka ƙafa.

A bayan layinmu akwai wani tsohon disfensa da ya yi ritaya bayan ya shekara da shekaru yana yawo a asibitocin sha-ka-tafi na ƙauyuka. Duk unguwa Baba ake ce masa. Yana da zaure mai faɗi da benci a ciki, mata suna kawo masa yara masu zazzaɓi, manoma suna kawo sarar fartanya. Can na kai ƙanena. Baba ya tsaga ƙurjin, ya wanke, ya duba ɗaya cinyar, ya danna nan ya danna can.

"Wa yake maka allurar nan? Makaho ne?"

"Ni ne, Baba."

"To, gara makahon. Da tsinke nawa?"

"Ɗaya ne. Ina wanke shi."

"Da me?"

"Da ruwa."

Baba ya ci gaba da naɗa bandeji har ya ɗaure. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ba zan ce ka daina ba, don na san ba faɗata za ta sa ka daina ba. Amma ƙafar nan in ka ci gaba haka, yanke ta za a yi. In za ka yi, ka zo nan bayan la'asar."

Yana da sharuɗɗa, kuma bai taɓa sassauta ko ɗaya ba. Ba ya sayar da maganin, kai za ka zo da abinka a rufe, ya ɗaga shi a haske ya karanta. Sabon tsinke kullum, a gabanka zai ɓare shi, a gabanka zai jefa shi a wani gwangwani mai murfi da yake ƙonewa duk Alhamis. Ɗaya tak a rana. Idan an gama ba ka tashi daga benci sai ya ce ka tashi. Yadda yake gwada mutum shi ne ya ce ya lissafo masa garuruwan da ke kan hanya daga Dutse zuwa Haɗeja, a jere. Idan harshe ya yi nauyi ko an tsallake gari, sai ya ce a koma a zauna. Ƙanena yakan saka masa wani gari na ƙarya a tsakiya don ya ga ko tsohon yana saurare. Kullum yana saurare.

Da Innarmu ta ji cewa wani disfensa yana yi wa Auta allura kullum, sai ta ɗaga hannu ta yi godiya ga Allah, ta aiko wa Baba da kwaryar ƙwan zabi. A wajenmu allura ita ce ƙarshen magani. Manomin da ya je asibiti aka sallame shi da ƙwayoyi a takarda yana dawowa ne da jin an raina ciwonsa. Wannan kalmar ita ta rufa mana asiri shekara da shekaru. Idan maƙwabci ya tambaya ina ƙanenka, in ce ya tafi allura. Abin da za a faɗa wa mai zazzaɓi ke nan. Ban yi wa kowa ƙarya ba.

Abin da zauren Baba ya yi masa zan iya lissafa shi. Shekara kusan shida bai ƙara yin ƙurji ba. Sau biyu ya sulale daga kan benci jikinsa yana karkarwa, Baba yana wurin, ya kwantar da shi a gefensa ya riƙe masa kai, aka kai shi asibiti da sauran numfashinsa. Adadin bai ƙaru ba, alhali kafin nan har sau uku yake yi a rana.

Abin da zauren ya ci masa ya fi wuyar lissafi. Lokacin da yake yi a ɓoye yana jin tsoro, tsoron kuma yana sa shi maganar dainawa. Da ya sami wurin da ake yi cikin tsabta, ana gaishe shi, ana tambayarsa ya aiki, sai maganar ta mutu. Yininsa gaba ɗaya ya karkata zuwa la'asar. Ƙarfe uku yake rufe tafireta ko da mutum biyar suna jira. Wata maganar aure da aka fara masa a Jahun ta lalace ba tare da wani ya ce ya fasa ba, kawai dai ba ya iya tafiyar da za ta hana shi dawowa da yamma. Sannan wasu suka ji labari. Akwai wani direban hanyar Jahun da ya karye a hatsari, akwai wani da ya taɓa aiki a asibiti aka sallame shi, akwai kuma samari biyu da ba su da ciwon komai. Wata maƙwabciyar Baba ta tare ni wata rana ta ce, "Malam, 'ya'yana suna wucewa ta nan daga Islamiyya, suna ganin maza suna gyangyaɗi a kan benci da rana tsaka. Me zan ce musu?" Tambayarta daidai take.

A cikin waɗannan shekaru ne wani labari ya faɗo teburina daga ƙasashen waje. Wai a wasu biranen Turai hukuma ta buɗe ɗakuna inda masu allurar maye suke zuwa su yi a gaban ma'aikatan jinya, don kada su mutu a lungu ko su ɗauki cuta daga tsinken juna. Labarin ya ce ana jayayya a kai. Na fassara komai ban da sunan wurin. Na rubuta, na soke, na sake rubutawa. Editanmu ya leƙo ta kafaɗata. Laƙabin da ya sa mini shi ne Malam Ƙamus, saboda nakan tsayar da labari a kan kalma ɗaya.

"Malam Ƙamus, yau kuma wace ce ta gagare ka?"

Na yi masa bayani.

"Tsaya. Gwamnati ta ba ɗan maye ɗaki?"

"Da ma'aikaciyar jinya."

"Da sabon tsinke?"

"Ranka ya daɗe."

"Saura ta ba ɓarawo tsani, ta riƙe masa fitila." Duk ɗakin aka yi dariya. "Cire shi. Mutanen Ringim in suka ji wannan cewa za su yi mun sha wani abu."

Na cire. Ban ce masa irin wannan ɗakin yana tafiyar minti biyar daga inda nake kwana ba, kuma shi ma ba shi da suna.

Sai shari'a ta zo. Ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma har yau ban janye murnar ba. Gidajen giya na bakin gari suka rufe. A unguwarmu aka kafa wani kwamiti na dattawa da samari masu sa kai, suna zagayawa suna nasiha, wanda ya ƙi ji su kai shi gaba. Sun bi masu wiwi, sun bi masu sholisho, sun bi masu maganin tari. Zauren Baba ba wanda ya taɓa shi. Duk wa'azin da ake yi a kan shaye-shaye ake yinsa, a zauren kuwa ba a shan komai. Na ga ɗaya daga cikin 'yan kwamitin da idona yana wucewa, ya ga mutanen kan benci, ya tsaya ya ce musu Allah ya ƙara sauƙi.

Wata safiya aka kawo mana sanarwar gargaɗi daga wata hukuma, da Turanci, a fassara a riƙa sakawa bayan labarai. Wani abokin aikina ya riga ya yi fassarar, aka miƙo mini in duba. Ya rubuta cewa an haramta shan miyagun ƙwayoyi. Kalmar da ke cikin Turancin ta fi haka faɗi, ta haɗa duk hanyar da mutum zai sa abu a jikinsa. Na tsaya a kan kalmar sha. Tana da faɗi ita ma: muna shan ruwa, muna shan taba, muna shan iska, muna shan wahala. Har akan ce wane ya sha allurai a asibiti, amma wannan shan wahala ne, mai saurare ba zai kai shi wajen shaye-shaye ba. Na ɗauki jan biro na gyara: sha, ko shaƙa, ko yin allura.

Edita ya karanta ya ce, "Ka ƙara mana daƙiƙa biyu."

"Haka ma'anar take."

"Na sani, Malam Ƙamus. Kullum haka ma'anar take."

Wanda yake ɗaukar irin wannan sanarwa ya tafi Kano ranar, don haka ni na shiga na karanta. Aka riƙa saka ta bayan kowane labarai, safe da rana da yamma, har makonni.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa aikina kawai na yi, kuma gyaran daidai ne. Daidai ne. Amma lokacin da biron yake kan takardar na tuna da benci. Na gaji da shekara shida na zuwa allura. Wani ɓangare na zuciyata ya yi tunanin cewa idan ƙofar ta rufe, ƙanena zai tsaya a gabanta ya juyo ya daina. Ban je na kai ƙarar kowa ba, ba zan iya ba. Na dai saka kalmomi uku a iska na bar su su nemi hanyarsu.

Ba a yi mako uku ba suka same ta. 'Yan kwamiti suka je gidan Baba da rana, tare da mai unguwa da na'ibin liman. Baba da kansa ya ba ni labarin daga baya. Ba su ɗaga murya ba, sun cire takalma sun zauna. Suka tambaye shi wace irin allura ake yi a nan, ya faɗa musu gaskiya. Ya ce, "In na rufe ƙofar nan ba allurar ce za ta tsaya ba, ni ne zan daina gani." Na'ibi ya ce ya ji, amma taimaka wa mutum a kan abin da aka hana shi ma hani ne, kuma mai ciwo daban, to samarin nan biyu fa, wane ciwo ya kawo su? Baba ya ce mini shi ma ya daɗe yana tambayar kansa ko ganin benci ne ya nuna musu hanya. Suka nemi ya rantse. Ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ya ce ba zai ƙara yi wa kowa wannan allurar ba, ba kuma za a ƙara yinta a gidansa ba.

Ranar ina gida ƙanena ya dawo bayan la'asar, da wuri fiye da kullum. Ya zauna a bakin katifa ya cire hula.

"Baba ya rufe," ya ce.

"Na ji."

"Yaya, 'ko yin allura' ɗin nan naka ne."

"Haka yake a takardar da aka kawo."

"Haba, Yaya. Ni ma takarda nake bugawa. Na san abin da aka kawo, na san abin da mai bugawa ya ƙara." Ya yi ɗan murmushi. "Ranar farko da na ji, wani yana gabana yana jira in gama masa takarda. Ya ce, kai, yayanka ya iya Hausa. Na ce masa wallahi ya iya. Babu kuskure ko ɗaya."

Ya tashi ya shiga banɗaki ya sa sakata.

In yi masa adalci, ya gwada dainawa. Kwana huɗu ya yi yana gumi yana amai, yana kwance yana harba ƙafa. Rana ta biyar aka yi ruwa mai sanyi, ciwon sikilar ya tashi a kan wannan wahalar, ya fita da ɗingishi ya dawo shiru. Ban tambaye shi inda ya je ba.

Mutanen benci suka watse. Direban ya koma yi a cikin motarsa. Ɗaya daga cikin samarin nan mahaifinsa ya zo ya tafi da shi ƙauye, kuma ya daina gaba ɗaya. Na gan shi bayan shekaru a kasuwar Jahun yana sayar da albasa, ya yi ƙiba, ya gaishe ni da fara'a. Wanda ya taɓa aikin asibiti an tsinci gawarsa a wani kango a gindin duwatsu, bayan kwana biyu da ɓacewarsa. Duka biyun sun faru, kuma daga rufe ƙofa ɗaya suka fito.

Ƙanena ya koma yi sau biyu, sau uku. Cinyarsa ta yi tauri kamar itace, ta fara fashewa. Ya daina zuwa gindin darbejiya sai jefi-jefi. Muna gida ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya, amma na fi sanin abin da ke faruwa a ƙasashen da nake fassara labarinsu.

Wata Asabar da hantsi na ji faɗuwa a banɗaki. Na kira shi bai amsa ba. Ƙofa a kulle ta ciki. Na fita tsakar gida na yi kira, babu kowa, duk masu haya sun tafi Kano. Na ɗauki bulo na fasa sakatar. Yana kife, numfashinsa a hankali, da nisa tsakanin ɗaya da ɗaya. Na juya shi a gefensa kamar yadda na taɓa ganin Baba ya yi, na tallafe kansa har ya motsa, sannan na ruga.

Baba ya zo da jakarsa. Ya duba idonsa, ya ji bugun hannunsa, ya wanke gyambon ya ɗaure. Rantsuwarsa ba ta hana shi wannan ba. Sirinjin yana ƙasa a bakin ƙofa, ya kewaye shi shiga da fita bai taɓa ba. Na raka shi waje.

"Baba, ka dawo masa da yadda kuke yi. Ko nan gidan ne, ba wanda zai sani."

"Na rantse."

"Akwai kaffara."

"Akwai. Amma na ba mutane bakina a gaban mai unguwa, kuma a unguwar nan za a yi mini salla." Ya gyara jakar a kafaɗa. "Ka ji, Malam. Abin da nake yi ba sokawar ce mai wuya ba, ai ya iya da kansa. Zaman ne. Ba ka da kujera?"

Ina da kujera, ta roba, fara. Da yamma na ce wa ƙanena na cire sakatar banɗaki kuma ba zan mayar ba. In zai yi, ya yi a ɗaki, a gabana, bayan la'asar, ɗaya, da sabon tsinke. Ya dube ni ya daɗe.

"Kai za ka zauna?"

"Ni."

"Za ka sanar a rediyo?"

Washegari ya shigo ya zauna a bakin katifa, ni kuma na jawo kujera.

Mun yi haka shekara biyu da wani abu. Na roƙi a mayar da ni aikin safe, na ce yamma tana ba ni ciwon kai. Zuwa Kano ya koma sau ɗaya a wata, in tafi da asuba in dawo kafin la'asar, matata ta yi ƙorafi har ta gaji. Ban taɓa riƙe sirinjin ba. Da farko bango nake kallo har ya gama, daga baya na koyi kallonsa, domin kallon ne aikin. Ba kullum ya tsaya a ɗaya ba, na sani, amma mafi yawan ranaku ya tsaya. Gyambon ya rufe, ko da yake ƙafar ba ta sake lanƙwasuwa sosai ba. Ya koma gindin darbejiya. Ba ma yawan magana a wannan rabin sa'ar. Wani lokaci idan na jawo kujerar yakan gyara murya ya kwaikwayi yadda nake buɗe labarai, ya ce masu saurare ga cikakken bayani, ni kuma in ce masa ya rage surutu.

Daga nan in tashi in tafi masallaci, in tsaya sahu ɗaya da 'yan kwamiti, kafaɗa da kafaɗa. Ba wanda ya sani, a wurin aiki ko a unguwa, sai Baba, shi kuma bai taɓa tambayata ba. Na taɓa zuwa wajen wani malami na yi masa tambayar a kewaye, wai wani ne yake da wani. Ya ba ni amsa a kan tambayar da na yi, wadda ba ita ce tawa ba. Har yau ban san hukuncin zaman nan ba.

Babbar Sallah ta zo ya ce yana son zuwa gida, ya yi shekara uku bai ga Inna a ɗakinta ba. Ni an sa ni aiki ranar Sallah, domin duk 'yan Kano sun tafi, sai washegari zan biyo shi. Na ce ya jira ni mu tafi tare.

"Kwana ɗaya ne, Yaya. Gida cike yake da mutane."

Gidan cike yake. Yayyenmu da matansu da jikoki, an yanka raguna biyu. Bayan la'asar ya fita ta ƙofar baya wajen rumbuna. Matar babban yayanmu ce ta je ɗebo kara gab da magariba ta same shi a kife. Ban sani ba ko allurar ce ko ciwon ne ko su biyun. A gida an ce ciwon ne. Saƙo ya iske ni ta hannun wani direba, na isa da hantsi na tarar an dawo daga maƙabarta.

Rana ta uku Inna ta aika a kira ni ɗakinta. Ta sa aka saki labule. Ta ciro wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin tabarma ta ajiye a tsakaninmu. Abin da aka samu a gefensa ne, surukarta ta kawo mata ba ta nuna wa kowa ba.

"A Dutse wa yake yi masa?" ta ce.

"Da kansa, Inna. Disfensan ya daina tuntuni."

"Shi kaɗai?"

"Ina zama kusa da shi."

"Kana yin me?"

"Ba komai. Kallonsa nake har ya dawo daidai. In ya faɗi in juya shi."

Ta shafa gefen tabarma da yatsa.

"Ina zaune a tsakar gida ina gyaran nama ya wuce ni," ta ce. "Na ce, Auta, ina zuwa? Ya ce zai je ya ga ko rumbunanmu sun cika bana. Na ce masa kai da ba ka taɓa noma ba. Ya yi dariya." Ta ɗago ta dube ni. "Zama ne kawai?"

"Zama ne kawai, Inna."

"Ai da na iya."

Ta tura mini ƙullin. Na sa shi a aljihu, na fita wajen masu gaisuwa.